Sandar gwani a hannun ɗan koyo, da ɗakin gilashi a ƙasar rana

Tun daga 2022 da Saudiyya ta kwance bakin jaka ta kafa gasar LIV, wasan golf, wanda gidajen rediyo ke ce wa ƙwallon lambu, ya shigo hirar mutanen da a da ko kallonsa ba sa yi. Sai ga Rory McIlroy ya ci gasar Masters a Afrilun 2025, ya zama mutum na shida a tarihi da ya haɗa manyan kofuna huɗun nan, aka ƙara samun abin tattaunawa. A nan gida kuwa, kusan duk wanda ya ajiye aikin gwamnati ko kakin soja, ko likita ya ce masa ya rage tumbi, sai ka ji ya nufi fili. Wannan ya yi kyau, tafiyar kilomita shida ko bakwai a ƙasa ba ƙaramin magani ba ce. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake ƙonawa wajen sayen sanduna. Mutum uku cikinku sun turo mini hoton jaka a 'yan makonnin nan suna tambayar ko su saya, kuma dukkan ukun irin sandunan da ƙwararru ke riƙewa a talabijin ne, ga dala a yadda take. Maimakon in amsa wa kowa shi kaɗai, bari in rubuta a nan. Rubutun da ɗan tsawo, a yi haƙuri, don amsar tana cikin tarihin sandar kanta.

Takarda mafi tsufa da ta ambaci golf takardar hani ce. A 1457 majalisar Sikotilan, zamanin Sarki James na Biyu, ta haramta shi tare da ƙwallon ƙafa, wai samari sun bar koyon harbin kibiya alhali ga Ingila a maƙwabta. Jikansa James na Huɗu kuwa, a 1502, shi da kansa ya sayi sanduna, kuma wurin wani mai yin baka a garin Perth ya saya. Wannan ya dace, domin mai yin baka shi ya san icen da zai lanƙwasa ya dawo bai karye ba, kuma sirrin ƙotar sandar golf ke nan har gobe.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, a tsawon tarihin nan ƙwallo ce ke juya sanda. Ƙwallon farko da ta yi suna fata ce ake ɗinkewa, a dafa gashin dinya cikin doguwar hular Turawa guda, a cusa shi ciki da jiƙonsa. In ta bushe fata ta tsuke, gashi ya kumbura, sai ta yi tauri. Gwanin ɗinki bai fi ya yi uku ko huɗu a yini ba, shi ya sa sau da yawa ƙwallo ɗaya ta fi sanda tsada. To wa zai ɗora wa irin wannan kadara ƙarfe ya fasa ta? Saboda haka kusan duk sandunan zamanin na ice ne masu dogon kai siriri. Ƙarfe sai in ƙwallo ta faɗa sawun amalanke ko cikin tsakuwa, ba yadda za a yi.

Wajen 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya da ake kira gutta-percha. A jiƙa shi a ruwan zafi, a mulmula, shi ke nan. Ga arha, ga jure ruwan sama, in ta fashe a sake narkawa. Allan Robertson, babban gwanin St Andrews wanda kuma da ɗinkin ƙwallon gashi yake ci, ya ga abincinsa zai ƙare, har suka ɓata da yaronsa Tom Morris don ya kama shi yana wasa da sabuwar. Tom Morris ɗin nan ya koma Prestwick, inda aka fara gasar Open a 1860 da 'yan wasa takwas kacal. Sabuwar ƙwallon ta yi abu biyu. Ta shigo da talaka cikin wasan, kuma taurinta ya riƙa tsaga dogayen kawunan ice, aka koma yin gajeru masu kauri, maƙera kuma suka samu kasuwa tunda yanzu ƙarfe ba ya yi wa ƙwallo lahani. Ƙota kuma aka koma yin ta da icen hikori da ake kawowa daga Amurka.

Sandunan wancan lokaci suna ke gare su, babu lamba. Akwai wadda ake ce wa cokali saboda lotsawar fuskarta, akwai brassie mai farantin tagulla a ƙasa, akwai niblick ta fitar da ƙwallo daga wahala, akwai kuma mashie, wadda in Bahaushe ya ji sai ya zaci mashi ake nufi. Tunda ice ne, babu guda biyu da suka zo ɗaya. Ɗan wasa sai ya je shagon masassaƙi ya ɗaga wannan, ya girgiza waccan, ya tara nasa ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru, kamar yadda manomi ya san fartanyarsa ko cikin duhu. Kuma ba su da yawa. Chick Evans, wanda da ɗaukar jaka ya fara, ya ci gasar US Open ta 1916 da sanduna bakwai, da bugu 286, kuma sai da aka shekara 20 kafin wani ya yi ƙasa da haka. Ku riƙe wannan bakwai ɗin, za mu dawo kanta.

Ƙotar ƙarfe ce ta sauya kasuwar. Hukumar golf ta Amurka ta halatta ta a 1924, ta St Andrews ta biyo baya a 1929. Bobby Jones dai da hikori ya kwashe manyan kofunan zamaninsa huɗu a 1930, amma shekara guda bayan nan Billy Burke ya ci US Open da ƙotar ƙarfe, daga nan ice ya fara sallama. Ƙarfe na fitowa daga masana'anta iri ɗaya, don haka aka samu damar yin jeri mai lamba, daga 1 zuwa 9, kowace ta ɗara 'yar'uwarta kwanciyar fuska da ɗan kaɗan. Gene Sarazen ya ƙara da sandar yashi mai faɗin gindi, wadda ya ci Open ta 1932 da ita. Kamfanoni suka gane cewa sayar da jeri ya fi sayar da ɗaiɗai riba, 'yan wasa kuma suka shiga tara sanduna kamar masu haɗa lefe. Lawson Little, wanda ya ci gasar 'yan sha'awa ta Amurka da ta Birtaniya a 1934 ya kuma maimaita a 1935, yakan fito da sanduna fiye da 25, yaron da ke ɗauke da jaka yana nishi a baya. Wannan ya sa aka kafa dokar sanduna 14, Amurka a 1938, St Andrews a 1939.

Jama'a, 14 ɗin nan iyaka ce aka sa wa masu wuce gona da iri. Ba farilla ba ce. Babu inda doka ta ce sai ka cika ta. Mai shago ne kawai ke so ka ɗauka haka.

Yanzu ga wurin da ya fi shafar tambayarku. Har zuwa shekarun 1960, sandar ƙarfe iri ɗaya ce ga kowa: siririn kai da aka ƙera da dukan guduma, nauyinsa a tattare a bayan tsakiyar fuska. In ka sami ƙwallo a daidai cibiyar nan, wadda ba ta fi faɗin kwabo ba, babu abin da ya kai ta daɗi. In ka kauce da faɗin yatsa, kan sandar ya murɗe, hannunka ya yi tsami, ƙwallo ta tafi inda ta ga dama. Zakaran duniya da wanda ya fara jiya duk ita suke riƙewa, shi ya sa mutane da yawa kan fara su bari.

Wanda ya warware wannan ba ɗan wasa ba ne. Karsten Solheim injiniya ne a kamfanin General Electric, haifaffen Norway, kuma sai da ya haura 40 ya fara golf, wato sa'an yawancin masu karanta wannan rubutu. Da ya ga jefa ƙwallo rami na ba shi wahala, bai tsaya zargin hannunsa kawai ba, ya duba kayan aikin. A 1959 ya haɗa sandar turawa a garejin gidansa a Kalifoniya, ya kwashe nauyin daga tsakiya ya kai shi gefe biyu, dunduniya da baki. Ƙarar da take yi in ta taɓa ƙwallo ita ta ba kamfanin suna Ping. Hikimar mai sauƙi ce. Ku dubi ɗan garuwa da sanda a kafaɗa, garwa ɗaya gaba ɗaya baya. In ka bangaje shi ba ya juyawa da sauri, don nauyin na can nesa da tsakiya. Ɗora masa ruwan nan duka a ka, taɓawa kaɗan ya waiga. Haka kan sanda yake: in nauyi na gefe-gefe, ko ka kuskure cibiya ba ya saurin murɗewa. A 1966 ya fito da samfurin Anser, wanda George Archer ya ci Masters da shi a 1969, kuma har yau sandunan turawa da yawa a duniya kwaikwayonsa suke. Daga nan ya kai dabarar kan sandunan ƙarfe, ya rarake bayansu ya mai da nauyin kewaye. Don ya samu wannan siffa sai ya bar ƙira ya koma zubi, a yi siffar da kakin zuma, a lulluɓe, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Irin zubin da magabatan Ife da Benin suka yi kawunan tagulla da shi ɗaruruwan shekaru kafin nan.

Daga wannan lokaci sandar golf ta rabu gida biyu. Akwai mai tona asiri, akwai mai rufa asiri. Duk wani sabon abu da ya biyo baya kusan na rufa asiri ne. Gary Adams ya kafa TaylorMade a 1979 da babbar sanda mai kan ƙarfe maimakon ice. Ely Callaway ya fito da Big Bertha a 1991, ya sa mata sunan wata ƙatuwar igwar Jamus ta yaƙin duniya na ɗaya. Girman kanta sisi 190 ne, a lokacin ana ganin ta kamar tukunya, amma aka ci gaba da kumbura kawuna da ƙarfen taitaniyam har hukumomi suka tsayar da abin a sisi 460. Ƙotar girafait mara nauyi ta taimaki dattawa da mata. Sai kuma 'yar ruwa-biyu, haibirid, rabi ƙarfe rabi babbar sanda, wadda da farko ake yi wa kallon kayan tsofaffi. Todd Hamilton ya ci Open ta 2004 yana amfani da ita a bakin dandalin rami, Y. E. Yang na Koriya ta Kudu kuma da ita ya yi bugun da ya gama da Tiger Woods a ramin ƙarshe na gasar PGA ta 2009. Tun daga nan ba wanda ya ƙara raina ta. Kayan sun yi ƙarfin da a Disambar 2023 hukumomin biyu suka sanar za su sauya gwajin ƙwallo don a rage mata nisa, saboda ƙwararru sun fara mai da tsofaffin filaye abin wasan yara. Wannan matsalar su ce, mu ba mu kai can ba.

To, wace sanda ta dace da wa? Golf na da ma'aunin da ake ce wa handikaf, wato ratar bugun da ake ba ka gwargwadon rauninka. A tsarin duniya da aka fara a 2020, ratar tana kaiwa har 54. In kai sabo ne, ko ratarka ta haura 25, ko ma ba ka da ita tukuna, shawarata ita ce bakwai ɗin Chick Evans: haibirid ɗaya ko itace mai lamba 5, ƙarfe mai lamba 6 da 8, ko 7 da 9, duka masu rarakakken baya da faɗin gindi, sandar ɗagawa ta kusa da rami, sandar yashi, sandar turawa, sannan direba in ka nace. Dalilin tsallake lamba shi ne, tsakanin 7 da 8 gwani na samun bambancin mita goma ko fiye, kai kuwa bugunka biyu da sanda ɗaya na iya bambanta da mita talatin. Me za ka yi da ƙaramin bambanci alhali babban bai zauna ba? Direba kuma ita ce mafi tsawo kuma mafi miƙewar fuska a cikin sandunan nisa, don haka ita ta fi wuyar sarrafawa. In za ka saya, nemi mai kwanciyar fuska digiri 12 ko kusa da haka. Mai digiri 9 ɗin nan da ake alfahari da ita sai mai saurin hannu ke iya tashin ƙwallo da ita. Ƙarfe mai lamba 3 da 4 kuwa, ka bar wa mai shago abinsa.

Maganar ƙota ita ce inda girman kai ya fi cin kuɗin mutane. Ana rubuta harafi a jikinta: L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tauri. Ƙwararrun Amurka na kaɗa direba da gudun da ya kai kilomita 180 a awa ko fiye. Namiji ɗan sha'awa na tsaka-tsaki wajen 150 yake, dattijon da ya fara bayan ritaya kuwa yawanci bai kai nan ba. Ƙota mai tauri a hannun mara sauri ba ta lanƙwasawa ta dawo a kan lokaci, sai ƙwallo ta fita ƙasa-ƙasa ta karkace dama in kai na-dama ne. Amma ka ce wa Alhaji ya ɗauki A, wadda aka yi don manya, sai ka ga ransa ya ɓaci kamar ka ce ya tsufa. Ranka ya daɗe, ƙwallo ba ta san muƙamin da ka riƙe ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa dai ya san da wanda yake.

Wanda ratarsa ke tsakanin 10 da 20 shi ne ya kai lokacin cika jaka, kuma shi gwaji zai fi yi wa amfani: a auna tsayinsa, da nisan hannunsa daga ƙasa, da kaurin mariƙi, da yadda gindin sanda ke zama a ƙasa lokacin bugu. Ping ta fara wannan da ɗigon launi a jikin sanda tun shekarun 1970. Shi ma rarakakken baya zai ci gaba da riƙewa, sai dai mai ɗan ƙaramin kai. Siraran nan masu ƙyalli na wanda ratarsa ta sauko ƙasa da biyar ne, mai son lanƙwasa ƙwallo hagu ko dama da gangan. Ko a cikin masu cin abinci da wasan, da yawa sun bar su, musamman a dogayen lambobi. Mutumin da miliyoyin dala ke rataye a bugunsa yana neman sandar da za ta rufa masa asiri, kai da ke wasa ranar Asabar kana neman wadda za ta tona naka.

Gwanjo ba abin kunya ba ne a nan. Sandar ƙarfe mai shekara goma daga kamfanin kirki, in an sauya mata mariƙi, za ta yi wa ɗan koyo duk abin da sabuwa za ta yi. Abin tsoro shi ne jabu, don sun cika intanet, fenti da suna daidai amma nauyin ciki ba a inda ya kamata ba. In farashin sabuwar jaka ya yi arhar da ta ba ka mamaki, ganin kitse kake wa rogo. Ƙwallo ma haka: sabon shiga na zubar da biyar ko shida a zagaye ɗaya, don haka tsintattun da yaran fili ke sayarwa sun ishe shi. Rarar kuɗin a kai wa mai koyarwa. Darasi goma a farkon fara wasa sun fi kowace direba.

Akwai kuma abin da mujallun Turai ba za su gaya muku ba, wato ƙasarmu. Golf ya zo mana da Turawan mulki da na haƙar kuza. Kulob ɗin Rayfield na Jos na ɗauke da 1913 a sunansa, Ikoyi na ɗauke da 1938, Kano da Kaduna da Zariya duk suna da filaye tun zamanin Turawa, na IBB a Abuja kuwa sai 1991. Turawan nan da suka ga babu ruwan da za a shayar da lallausar ciyawa wata bakwai na rani, ba su nace ba. Suka yi dandalin rami da yashi cakuɗe da baƙin mai, a share shi da wani ɗan katako kafin mutum ya tura ƙwallo. A irin wannan dandali aka riƙa buga gasar Nigerian Open a Ikoyi, inda Peter Tupling ya yi bugu 255 a zagaye huɗu a 1981, adadin da ya zagaye duniya a lokacin, inda kuma Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989 tun kafin a san shi. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, ƙasarmu da rani tauri gare ta kamar daɓe. Sandar yashi mai tudun gindi sosai, wadda aka yi don lallausar ƙasar Ingila, in ta daki irin wannan ƙasa sai ta yi tsalle ta sari ƙwallo a ciki. Nemi mai matsakaicin gindi. Kuma koyi gangaro da ƙwallo da lamba 8 ko haibirid maimakon ɗaga ta sama, don a busasshiyar ƙasa mirginawa ta fi tashi tabbas.

Wanda zai koya maka wannan kyauta yana bayanka ɗauke da jakarka. Duk wanda ya san filayenmu ya san yaran nan da tsohuwar sanda ɗaya suke yin abin da mai jakar miliyoyi ba ya iyawa. Tarihin wasan cike yake da irinsu. Seve Ballesteros da ƙarfe mai lamba 3 guda ɗaya ya koya a bakin tekun ƙauyensu Pedreña a Sifen. Papwa Sewgolum na Afirka ta Kudu, ɗan ɗaukar jaka mai riƙon sanda a juye, ya ci gasar Holan sau uku, ya kuma doke Gary Player a gasar Natal ta 1965, a ƙasar da dokar wariya ta sa aka taɓa miƙa masa kofi a waje cikin ruwan sama don ba shi da izinin shiga ɗakin kulob. In har ka riga ka sayi 14 ɗin, ra'ayina shi ne ka ware waɗanda ba ka taɓawa ka ba yaron da ke bin ka. A hannunsa za su yi aiki.

Ciwon nan bai tsaya a jakar golf ba, shi ya sa zan ɗan ƙara da wata magana. A sababbin unguwannin Abuja da Kano da Kaduna na fara ganin ana manna wa gida ɗakin gilashi, bango gilashi rufi gilashi, irin na shan hantsi da ake gani a finafinai. Shi ma yana da tarihinsa. Asalinsa ɗakin ɓoye itatuwan lemo ne daga sanyin Turai, kamar wanda aka gina wa Sarki Louis na 14 a Versailles a shekarun 1680. A Ingila gilashi kayan masu hali ne, har harajin taga aka yi daga 1696 zuwa 1851, harajin gilashin kansa kuma sai 1845 aka soke shi. Da ya yi arha sai Joseph Paxton, mai kula da lambun gidan sarautar Chatsworth, wanda ya riga ya gina ƙaton ɗakin gilashi a can, ya gina Crystal Palace a Landan a 1851, masu kuɗi kowa ya so nasa ƙarami a bayan gida. Gidan gilashin lambun Kew da aka gama a 1848 an yi shi ne don itatuwan ƙasashe masu zafi irin su kwakwar manja su rayu. Wato dai injin ƙera yanayinmu ne a ƙasar da ba ta da shi. Edinbara na kan digiri 56 arewa, a Disamba yininta wajen awa bakwai ne kawai. Kano na kan digiri 12, kuma a Afrilu zafi na kai 40. Gilashi na barin hasken rana ya shiga ya gasa daɓe da kujeru, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Ka gina wannan a Kano, ka gina tanda, sannan ka sayi na'urar sanyaya ɗaki da man janareta kuna kokawa da ita. Ko a can ma, na Chatsworth rushe shi aka yi a 1920 da kuɗin kula da shi ya gagara.

Turawan da suka zauna a nan ba su kawo shi ba. Abin da suka kawo daga Indiya shi ne gida mai faffaɗar baranda da dogon rufi, kamar yadda ake gani a tsofaffin gidajen GRA. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, a gidan ƙasa mai kaurin bango ya zauna, kuma gidan na nan har yau.

In mutum na son ɗaki mai haske da kallon lambu, ana iya yi, sai dai a juya tsarin. Rufi ya zama na gaske mai silin da abin tare zafi, kada a sa gilashi a sama ko kaɗan. A kauce wa yamma, don ranar la'asar na shigowa a kwance a lokacin da gari ya riga ya gasu. Gabas da dama-dama in hantsi ake so. Arewa da kudu sun fi sauƙi, domin rana na bi ta samansu, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran watanni ta karkata kudu, kuma rufin da ya zarce bango da mita ɗaya ko fiye zai tare yawancinta. Inuwa daga waje, ko ta bishiya ko ta rumfa, ta fi labule daga ciki, tunda labule sai zafi ya riga ya shigo yake tare shi. Tagogi su zama masu buɗewa a ɓangare biyu masu fuskantar juna, da raga saboda sauro, da 'yan ƙananan kafofi can sama inda iska mai zafi za ta fita. A kuma tuna da ƙurar hunturu, wadda za ta sa a riƙa wanke gilashin nan kusan kullum daga Disamba zuwa Fabrairu, don haka kada a sa shi inda hannu ba ya kaiwa. Mutanen Jos da na tsaunin Mambila su ne kawai zan ce suna da hujjar ƙara yawan gilashi, su ma a bango, ta gefen da hantsi ke fitowa.